Zuwa ga Uwata, Kafin Ki Kama Hanyar Mubi

Uwata,

Tun daren da kika faɗa mana cewa kin mayar wa mutanen Abuja takardarsu, kin zaɓi aikin lauyan 'yan gudun hijira a Mubi, ban ce miki uffan ba. Kin ga na tsame hannu daga tuwo na fita masallaci tun ba a kira isha'i ba. Mahaifiyarki ta ce kin ɗauka fushi nake yi. Tsoro ne ya kama ni, kuma bakina bai saba faɗin irin wannan a gaban 'ya'yana ba, balle a gaban wadda ta ci sunan mahaifiyata. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na kuma yarda a buga wasiƙar, domin abokan karatunki na makarantar lauyoyi ta Yola, waɗanda suka cika tsakar gidan nan ranar walimarki, su ma su gani. Wataƙila a cikinsu akwai mai tunani irin naki da iyayensa suka yi masa shiru.

Ni ba lauya ba ne. Shekara 35 na yi ina tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, ina juya magana daga Turanci zuwa Hausa da Fulatanci, in sake juyo ta. Tafinta ba shi da riga, ba shi da hula, kuma ba a rubuta ra'ayinsa. Amma daga inda yake tsaye yana ganin fuskar mutum a daidai lokacin da shari'a ta wuce ta kansa bai gane ba. Abin da na gani daga wurin nan shi nake so in ba ki guzuri.

Kina da shekara 14 lokacin da Mubi ta faɗi, ranar 29 ga Oktoba, 2014. Kafin nan Madagali da Gulak da Michika sun riga sun tafi. Kin tuna yadda gadar Jimeta ta cika, wasu a bayan tifa, wasu a a-kori-kura, wasu a ƙafa da ƙafafu a kumbure, wasu kuma sun bi ta duwatsu sun faɗa Kamaru sun zagayo. Gidanmu na Doubeli mai ɗaki huɗu ya ɗauki mutum 26. Ke kika bar wa goggonki katifarki kika koma tabarma, ba wanda ya ce ki yi. Gwamnati ta buɗe sansani a Damare da Malkohi, daga baya a Fufore. Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofar cocin St. Theresa, kuma shi ne a 2021 ya miƙa gidaje 86 a Sangere-Marghi ga waɗanda suka kasa komawa garuruwansu, har da masallaci ga Musulmin cikinsu. Jami'ar Amurka ta Yola da ƙungiyar zaman lafiya da ta kafa tare da malamai da fastoci sun yi ta rabon abinci. Duk da haka mafi yawan mutanen ba su taɓa kwana a sansani ba. A zauruka da ɗakunan talakawan Jambutu da Luggere da Rumde da Wuro Hausa suka kwana.

Yunwa kowa yana ganinta, kuma Yola ta fita kunya a kanta. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba a gani sai an shiga ofis. Matar da aka kashe mijinta a gabanta ta je banki karɓar ɗan abin da ya bari, aka ce ta kawo takardar shaidar mutuwa da takardar izinin gado. Yaron da ya gama sakandare ya rasa abin da zai nuna. Dattijon da takardar gonarsa ta ƙone tare da ɗakinsa ya koma ya tarar wani ya yi shuka. Saurayi ya isa shingen bincike ba kati a aljihu, aka tambayi garinsu, ya faɗi sunan garin da ya fi kowane gari jawo zargi. Buhun masara ba ya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na raka mutanen gidanmu ofis-ofis wata da watanni, ni da na san ƙofofin, kuma na sha wuya. Wanda bai san kowa ba fa?

Abu na farko da za ki yi fama da shi harshenmu ne. Bahaushe yana da kalma ɗaya, ɗan gudun hijira, ya rufe kowa da ita. Doka kuwa mutum huɗu take gani. Goggonki da ta zo daga Mubi 'yar ƙasa ce da ta bar gidanta ba ta tsallaka iyaka ba, kuma haƙƙinta yana cikin tsarin mulki da yarjejeniyar Kampala ta 2009. Ɗan Michika da ya zauna a sansanin Minawao kusa da Mokolo ya dawo, kamar mutum sama da 130 da jirgin sojin sama ya sauke a filin jirgin Yola cikin Agustan 2019, shi wanda ya komo ne, matsalarsa gona da gida da takardun 'ya'yan da ya haifa a can. Sai baƙon da ya tsallako ya nemi mafaka ba a yanke masa hukunci ba tukuna. Sai wanda aka riga aka amince da shi aka ba shi kati. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne naki, musamman dubban mutanen arewa mai nisa ta Kamaru da suka fara shigowa Madagali da Michika da Mubi tun tsakiyar 2022, suna gudun maharan da mu ma muka gudar wa. Idan mutum ya zauna a gabanki ya ce shi ɗan gudun hijira ne, kada ki ɗauki biro tukuna. Ki tambaye shi inda aka yanke cibiyarsa, da inda ya kwana daren ƙarshe kafin gudu, da ko wani ya taɓa ɗaukar hoton yatsunsa. Amsar ce za ta nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa, ko ta hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, ko ta UNHCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko sakatariyar ƙaramar hukuma kawai.

Kuma ki shirya, sau da yawa shi kansa ba zai iya ce miki ɗan wace ƙasa ne shi ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ni mahaifinki an haife ni a Mubi a 1957, lokacin Mubi ba Najeriya ba ce. Ƙasar amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila, kafin nan kuma ta Jamus ce. Sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, aka shigo da mu ranar 1 ga Yuni, aka raɗa mana Lardin Sardauna. Na zama ɗan Najeriya ina kan tabarmar da aka haife ni, ban matsa ko taki ɗaya ba. Dangin kakarki da ke bayan dutse suka wayi gari da wata tutar. Mutanen da muke kira Higgi, su kuma suke kiran kansu Kamwe, su ne Kapsiki a can. Mafa suna Madagali, suna Mokolo. Garwa da Marwa da Ngaundere duk Yola suke bi a zamanin Fombina, tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta. Lamido Zubairu ma, da Turawa suka ci Yola a Satumbar 1901, gudu ya yi zuwa ɓangaren da Jamusawa ke iƙirari, kuma a hijira ya rasa ransa a 1903. Garin da sarkinsa ya mutu yana gudun hijira bai kamata a koya masa darajar baƙo ba. Sai dai jami'in da ke bakin shinge ba tarihi yake tambaya ba, takarda yake tambaya, kuma Kamaru ba ta cikin ECOWAS.

Dokokin kin fi ni saninsu. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 da Najeriya ta shiga a 1967. Ta ƙasashen Afirka da aka sa wa hannu a Addis Ababa a 1969, wadda ta fi waccan faɗi, domin ba ta buƙatar mutum ya nuna shi kaɗai aka nufa da zalunci, ya isa a ce fitina ta hargitsa ƙasarsa har ta kore shi. Dokar soja mai lamba 52 ta 1989 da ta kafa hukumarmu, da sabuwar doka ta 2022. Ba zan karanta miki karatunki ba. Amma duk tulin nan a kan ginshiƙi ɗaya yake tsaye: ba a mayar da wanda ya gudo zuwa inda ransa ke cikin haɗari, kuma ba a yanke masa hukunci sai an saurare shi.

Wannan mun san shi tun muna makarantar allo. Da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa sun tura Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyaututtuka, suka fara bi ta kan fadawa, kuma abin da suka roƙa shi ne a miƙa musu mutanen ba tare da sarki ya yi magana da su ba. Ki lura da wannan sharaɗi. Sarki Najjashi ya ƙi, ya ce sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya miƙe ya yi magana da yawun jama'arsa, kuma aka bar su. Duk lokacin da aka karanta ƙissar nan a masallaci mutane suna yabon adalcin sarki, ya kuma cancanta. Ni tunanina yakan tafi ga Ja'afar. Da ba a samu wanda zai miƙe ya tsara maganar ba, adalcin sarki bai da abin da zai kama.

Mun ga abin da ke faruwa idan babu mai miƙewa. A 2015 an yi ta jibge 'yan Najeriya a kan iyakar Sahuda kusa da Mubi, an kwaso su daga Kamaru cikin manyan motoci, aka wuto da su sansanonin Yola. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a rahotonta na Satumbar 2017 an koro aƙalla mutum 100,000 tun farkon 2015. Ƙasashen biyu da UNHCR sun sa hannu a Yawunde ranar 2 ga Maris, 2017, cewa komawa gida sai da yardar mai komawa. Mun yi ta Allah wadai da maƙwabta, kuma da gaskiyarmu.

Ba a cika shekara ba muka aikata irin abin da muka zarge su da shi. Ranar 5 ga Janairu, 2018, jami'an tsaro suka kama shugabannin 'yan awaren yankin masu Turanci na Kamaru a wani otel a Abuja. Jagoransu, Sisiku Julius Ayuk Tabe, ya yi aiki a jami'ar Amurka a nan Yola, mutum ne da mutanen garin nan suka sani. Cikinsu akwai malaman jami'o'in Zariya da Kano da Katsina. Kafin watan ya ƙare an miƙa mutum 47 ga Kamaru, kuma UNHCR ta ce yawancinsu sun riga sun nemi mafaka. Lauya Femi Falana ya kai ƙara. Ranar 1 ga Maris, 2019, Mai shari'a Anwuli Chikere ta babbar kotun tarayya a Abuja ta ce kamun da korar sun saɓa doka, ta ba da umarnin a dawo da su a biya su diyya. Ba a dawo da su ba. A Agustan shekarar kotun soja a Yawunde ta yanke wa goma daga cikinsu ɗaurin rai da rai.

Ba na goyon bayan raba ƙasa, ko tamu ko ta wani, kuma na san an zubar da jinin bayin Allah a rikicin nan daga kowane ɓangare. Amma idan gwamnati tana da hujja a kan mutum, kotu tana nan, a kai shi a karanta masa. Waɗannan farfesoshi ne da lauyoyi, suna da babban lauya, duniya na kallo, aka yi musu haka. Ki auna manomin da aka tsare a bayan Madagali da daddare, wanda ko sunansa ba a rubuta ba. Za ki ce to mene ne amfanin hukuncin da ba a bi ba? Na daɗe ina juya wannan. Amfaninsa shi ne yana nan a rubuce da hatimin kotun Najeriya, kuma ke za ki iya ɗaukarsa ki ajiye a kan teburin jami'in da ke shirin loda mutane a mota. Amma darasin da ya fi girma shi ne lokaci. Lauyan ɗan gudun hijira da ya iso bayan mota ta tsallaka iyaka ya zo ta'aziyya ne. Ki bar lambarki a hannun jauro da limami da fasto da shugabar mata, kuma kada ki kashe waya da dare.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ko mahaifiyarki ba ta sani ba.

A shekarata ta biyu a aiki aka kawo wani mutum daga ƙetaren iyaka, ana tuhumarsa da satar akuya. Fulatanci kaɗai yake ji, shi ma ba harshen uwarsa ba ne. Aka karanta tuhuma, na juya masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mi nani." Kin san ma'anarta, na ji. Haka talaka ke amsa wa babba a ƙasar nan, ko ya yarda ko bai yarda ba. Wanda ya yarda cewa yake yi "mi jaɓi." Mai gabatar da ƙara ya yi caraf ya ce ya amsa laifinsa. Alƙali ya dube ni. Kotu ta cika, rana ta yi, akwai ƙararraki da yawa a baya, ni kuma yaro ne sabon ɗauka mai tsoron a ce ya cika iyayi. Na gyaɗa kai. Aka ba shi wata shida. Da ɗan sanda ya kama hannunsa sai ya waiwayo ya tambaye ni yaushe za a ba shi dama ya faɗi yadda aka yi. Har yau ban san ko ya saci akuyar ba, kuma wannan shi ne ciwon, domin ba wanda ya sani. Ban sake ganinsa ba. Na nemi gafarar Allah a kansa a gaban Ka'aba, amma haƙƙin bawa sai bawa ya yafe.

Da akwai lauya a gefensa, ko wanda aka rantsar jiya, da ya miƙe ya ce, ya mai shari'a, a sake tambayarsa. Kalma shida. Daga ranar ban ƙara barin "na ji" ta wuce ba sai na tambaya sau biyu, kuma na sha harara a kan haka har na yi ritaya. Magana zarar bunu ce, a kotu kuwa har da tambari ake buga mata.

Don haka ki kula da tafintanki fiye da yadda kike kula da littattafanki. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba duk wanda ake tuhuma tafinta kyauta, sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalili cikin harshen da yake ji, kuma duka biyun kowane mutum suka ce, ba su ce ɗan ƙasa ba. Amma tafinta mutum ne, yana da ƙabila da addini da tsoro. Kada ki ɗauko shi daga dangin wanda ake ƙara. Kada ki sa yaro ya fassara wa uwarsa abin da aka yi mata. Macen da aka yi wa fyaɗe ba za ta faɗi kalmar ba, za ta ce sun shigo, ko sun kwana a gidanmu, sai ta yi shiru ta kama wasa da bakin zanenta. Idan namiji ne ke fassara, iyakar abin da zai shiga takarda ke nan, kuma ranar da kwamitin tantance masu neman mafaka ya karanta sai ya ga ba abin da ya same ta. Ki nemi mace, ki rufe ƙofa, ki ba shirun lokacinsa.

Haka batun kwanan wata. Mutumin ƙauye ba ya ƙirga da kalanda. Zai ce bayan an yanke dawa, ko shekarar da aka ci Mubi, ko azumin da ya faɗo cikin damina. A tambaye shi sau biyu ya ba da wata biyu daban, sai a rubuta cewa maganarsa tana karo da juna. Ki zauna da shi ku jera abin da ya faru a kan damina da rani da sallah kafin ranar ganawa da kwamitin. Ba koya masa ƙarya kike yi ba, gaskiyarsa kike sa wa rigar da ofis zai gane. Sai sunaye. Wanda makarantar Faransanci ta rubuta Oumarou, namu zai rubuta Umaru. Aïssatou ta zama Aishatu, Djibrilla ya zama Jibrilla. A kunne mutum ɗaya ne, a kwamfuta mutum biyu, kuma na biyun ba shi da katin abinci, ba shi da lambar NIN, ba zai yi rajistar layin waya ba. Takardar rantsuwa guda a kan lokaci tana raba iyali da wahalar shekara. Aiki ne marar armashi, ba wanda zai sa ki a jarida a kansa, amma rabin aikinki shi ne.

Sauran rabin a caji ofis yake. Doka ta ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Ta hana kama wani a madadin wani. Yarjejeniyar 1951 ta hana hukunta wanda ya gudo don kawai ya shigo ba takarda, matuƙar ya kai kansa ga hukuma ba da jinkiri ba, ta kuma ba ɗan gudun hijira damar kotu da taimakon lauya daidai da ɗan ƙasa. An rubuta beli kyauta ne a bango. Duk da haka inda baƙo ke maƙalewa shi ne mai tsaya masa. Za a ce ya kawo mai gida a garin, ko ma'aikacin gwamnati, shi kuwa wanda ya sani duk a rumfar makaranta suke kwana. Sai ya yi wata takwas yana jiran shari'ar laifin da hukuncinsa bai kai wata uku ba. Na ga irinsu ba iyaka ana sauke su daga motar gidan yari, ana ɗaga ƙara, ana mayar da su. Ki roƙi kotu ta sassauta sharaɗi, ki zo da jauron unguwar da ya sauke shi. Alƙalai da yawa suna so su yi sassauci, wanda zai roƙa ne babu.

Hukumar ba da taimakon lauya ga marasa ƙarfi tana nan tun 1976, an sabunta dokarta a 2011, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Lauyoyinta kaɗan ne, jihar kuwa ƙananan hukumomi 21 ce. Ki san su. Ki san mutanen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata, da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, da ma'aikatan hukumar ƙidaya masu ba da takardar haihuwa. Jaririn da aka haifa a hijira ba a rubuta shi ba, nan da shekara 20 Kamaru za ta ce ba ta san shi ba, Najeriya ma haka.

Ba kowace magana ce ta kotu ba. Mai gona ya ba baƙo aron fili, baƙo ya share ya zuba taki, da amfani ya yi kyau mai gona ya ce yana son abinsa. An sa mutum leburanci an hana shi kuɗinsa don an san ba zai kai ƙara ba. Irin waɗannan zauren jauro ya fi saurin kashe su, kuma gobe mutanen za su gaisa a rijiya. Ki shiga zauren da ladabi, ki rufe kanki, ki gaida manya, ki bar Turanci a mota, amma a rubuta abin da aka amince a sa hannu. Sai dai akwai abin da ba na sulhu ba. Idan an lalata yarinya, ko an aurar da ita don buhun hatsi, za a taru a ce miki a rufa asiri. Asirin wa? Nan kam ki tsaya, ko da za a kawo ƙararki wurina.

Za ki ji ana cewa kina kare 'yan Boko Haram. Kada ki raina masu faɗa. Bam ya tashi a cikin sansanin Malkohi ranar 11 ga Satumba, 2015, wani ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu ranar 23 ga Oktoba, kuma mun yi jana'izar mutanen da muka sani. Tsoronsu yana da tushe. Ki gaya musu dokar kanta ta cire wanda ya aikata laifin yaƙi ko kisan bayin Allah daga wannan kariya, kuma hanyar gane shi ita ce rajista da tambaya da sauraro. Wanda aka tsorata ya ɓuya a ƙauye ba suna ba hoto, shi ne ba wanda ya san ko wane ne. Kuma kada ki manta da masu masauki. Talakan Michika da ya raba rumbunsa da baƙo, in ya ga baƙo na da lauya shi ba shi da shi, zuciyarsa za ta sauya. In ya kawo kukansa ki saurara, ko ba ya cikin takardar aikinki.

Ki sa wa bakinki linzami wajen alkawari. Kowa zai tambaye ki yaushe za a kai shi Kanada ko Amurka. Waɗanda ake ɗauka 'yan ƙalilan ne ƙwarai, ba a sayen gurbi, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan haka ɗan damfara ne. Ki faɗa musu a fili tun ranar farko. Kuɗin ƙungiyoyi ma ya ja baya tun da Amurka ta dakatar da yawancin agajinta a farkon 2025, ofisoshi suna rage ma'aikata. Wataƙila aikin da kika bar Abuja dominsa ba zai kai shekara biyu ba. Na yi wannan lissafin a daren da na fita masallaci, na yi lissafin hanya da abin da ke kanta, na yi na aurenki. Ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Fuskar mai akuyar nan ce ta yi ta dawo mini, yana waiwayowa yana tambaya yaushe zai yi magana.

Na yarda ki tafi, kuma na sa miki albarka. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa gaskiya a harshenki.

Ki fita bayan asuba, kada la'asar ta same ki a hanya. In kin wuce Song ki kira, in kin isa Gombi ki kira, daga Hong kuma kada ki tsaya sai Mubi. Goggonki ta share miki ɗaki, ta ce bashin katifa za ta biya. Mahaifiyarki ta daka miki yaji da kuka. A cikin jakar za ki ga wani tsohon littafi mai baƙin bango, kalmomin kotu ne da na tara da hannuna cikin Hausa da Fulatanci, da ɗan abin da na tsinta na Margi da Higgi. Shafukan baya babu komai, ban samu mai koya mini Mafa ba.

Mahaifinki,
Doubeli, Jimeta